Rahoton Ayyukan Shekara na Ajin Bayoloji, Jos

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda muka yi alkawari a babban taron bara, ga bayanin abin da kwamitin ilimi ya yi da amanar da kuka ba shi. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto muku. Nawa maganar aji ce, wato darasin bayoloji na Asabar da Lahadi da muke yi wa yaranmu 'yan SS3 masu shirin WAEC da NECO da JAMB.

Mun buɗe aji a watan Oktoba. Yawancin yaran daga Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos suke, sai 'yan kaɗan da ke hawo mota daga Bukuru. A makon farko muka yi musu gwaji, kuma abin da muka gani ya sa muka sauya tsari gaba ɗaya. Yaro zai kawo maka ma'anar osmosis, wato yadda ruwa ke ratsa tantani zuwa ɓangaren da ya fi gishiri ko sukari, da Turanci tiryan-tiryan, ko waƙafi ba zai tsallake ba. Ka ce masa to me ya sa tumatir ke fitar da ruwa idan an barbaɗa masa gishiri, sai ya tsaya yana kallon silin. Hadda ce zalla. Saboda haka muka yanke cewa kowane darasi da Hausa za a fara shi, da wani abu a hannu, sannan a ɗora kalmomin Turanci da jarrabawa ke nema.

Dankalin turawa ya yi mana rana, tunda dai a Jos muke. Muka sayo kwano ɗaya a Farin Gada, kowane yaro ya feraye nasa, ya ƙwaƙule rami a tsakiya, ya zuba ruwan gishiri mai kauri, ya ajiye a faranti mai ruwa. Kafin a tashi ruwan cikin ramin ya hau. Gefe guda muka ajiye dafaffen dankali, shi ko motsi bai yi ba, domin zafi ya riga ya kashe tantanin da ke tace ruwan. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe abin da ake nufi ke nan?" Shekara biyu tana rubuta ma'anar a takarda.

Haka muka yi da zuciya. Ɗaya daga cikin mambobinmu mahauta ya kawo zuciyar rago kyauta, Allah ya saka masa. Aka tsaga, suka ga ɗakuna huɗu, suka taɓa bangon ɗakin ƙasa na hagu suka ji kaurinsa, aka gaya musu shi ke tura jini ga jiki duka, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa. Ganye da aidin kuma suka nuna musu sitacin da tsiro ke haɗawa da hasken rana.

Darasin gadon halitta shi ya fi ɗaukar lokaci, kuma ban yi nadama ba. Mun fara da Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gadon halitta, da wakensa da rabon 3 da 1 da ya gani a siffofin waken, muka zo kan kromosom 46 na ɗan Adam, wato zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta, 23 daga uwa 23 daga uba, sai muka shiga nau'in jini na AA da AS da SS, wanda SS ɗin shi ne sikila. Nan aji ya yi tsit, don kusan kowa yana da ɗan uwa ko maƙwabci mai sikila. Yawancinsu sun ɗauka idan AS ya auri AS, aka haifi na farko SS, to ukun da ke biye sun tsira. Muka rubuta A da S a murafun kwalba, aka yi ta ɗiba daga leda biyu ido rufe, har suka gane cewa yiwuwar haihuwar SS ɗaya ce cikin huɗu, kuma sabon lissafi ne a kowane ciki. Bayan sati biyu iyaye mata suka aiko suna tambayar inda ake gwajin jini. Wannan ba ya cikin tsarinmu, amma mun ji daɗinsa.

Inda muka gaza shi ne JAMB. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, bayoloji na da 40 a ciki, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma a kwamfuta. Wasu yaranmu ranar jarrabawa suka fara riƙe linzamin kwamfuta. Laifinmu ne, mun makara wajen neman wurin gwaji. Zane ma da saura: har yanzu ana yi wa zanen furaktikal inuwa da fensir, ana jan layin suna ba rula, ana manta rubuta girman zane, kuma duk maki ne ke zubewa.

Sai matsalar wuri. Makarantar da ta ara mana aji ta karɓe makulli a tsakiyar Janairu ba sanarwa, muka yi mako uku a zauren wani dattijo cikin sanyin nan na Jos, yara na rubutu da safar hannu. Azumi kuma da ya zo mun mayar da darasi safiya, hakan ya ƙara yawan 'yan mata, don haka za mu bar shi a safiyar.

Abin da muke roƙo bana biyu ne. Madubin maikroskof ko da guda ɗaya, domin har yau yaranmu a hoto kawai suka san ƙwayar halittar albasa. Sai wanda zai ara mana kwamfutoci daga Janairu zuwa lokacin jarrabawa. Iyaye kuma a taimaka a yi wa yara lambar NIN tun yanzu, JAMB ba ta rajista sai da ita. Wanda ke da tsofaffin takardun tambayoyin WAEC ko NECO a gida ya miƙa wa sakatare bayan taro.

Wassalam.
Sakataren kwamitin ilimi