Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta 'yan wasan kartar belot, shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, na nan Kamba da na Birnin Kebbi da Bunza da Kangiwa, da 'yan uwanmu na tsallake mutanen Gaya ta Nijar. Ya iyali, ya sanyi. Kamar yadda munka saba duk ƙarshen shekara ga rahoton abin da ƙungiya ta yi, shugaba ya duba ya ce in tura ma kowa. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi da bakinshi ranar taro tare da rasit ɗin komai, shi ya sa ban sa shi nan ba.

Shekarar ta faro mana da sanyin jiki gaskiya. Tun da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 zamanmu na mako ya rage armashi, don kowa ya san yawancin gwanayen wasan ga daga can suke, ta hannunsu ma wasan ya shigo mana tun farko, su kuma wajen Faransawa sunka same shi. Ga tsadar mai, wanda zai taso daga Birnin Kebbi sai ya yi ta lissafin kuɗin mota kafin ya fito. Da anka buɗe iyaka cikin watan Maris ana tsakiyar azumi, mu kuma ba mu taɓa karta da azumi, don haka sai bayan ƙaramar salla zama ya dawo daidai. Damina ta zo ta kwashe rabinmu zuwa gonakin shinkafa, wani makon tebur ɗaya ma da ƙyar yake cika. A hakan dai ba a fasa ba. Mun je gaida marasa lafiya cikinmu, mun je ta'aziyyar mahaifiyar ɗaya daga cikin dattawanmu Allah ya jiƙanta, kuma an ɗan haɗa abin da ya sawwaƙa ma waɗanda ruwa ya ci ma gona.

Babban aikin shekara dai shi ne gasar da munka yi cikin hunturu, kuma kanta nake son in tsaya, don abin da ya sa ta tashi lafiya an yi shi ne tun kafin a raba karta ko ɗaya.

Na farko maganar caca. Mu daina ɓoye ma juna, a garuruwanmu duk wanda anka gani riƙe da karta sunanshi ɗan caca har sai ya wanke kanshi, kuma mutane ba su yi ƙarya ba, mun san gidajen da karta ta rusa. Shi ya sa kafin mu sa rana shugaba da dattawa biyu sunka je wajen mai unguwa, sunka je wajen liman, anka faɗa masu abin da muke nufi ba rufa-rufa. Liman bai ce yana son karta ba, ya ma faɗi cewa akwai malaman da ba su yarda da ita ba ko da ba kuɗi saboda tana cin lokaci, amma ya ja mana layi wuri biyu: kada wasa ya ci salla, kuma kada kyautar gasa ta fito daga aljihun masu wasa. Wanga na biyun shi ya ta da ƙura cikin kwamiti, don da farko shirinmu kowane mutum biyu su biya kuɗin shiga a tara a ba wanda ya ci. Da anka zauna anka duba sai munka ga ai wannan ita ce cacar, kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe, tufafi kawai anka canza mata. Sai anka soke kuɗin shiga gaba ɗaya. Karta da shayi da hayar kujeru daga kuɗin wata na ƙungiya sunka fito, kyaututtuka kuma wasu bayin Allah da ba su cikin gasar sunka bayar, buhun shinkafa da shadda da kofi. Wasu sun ce in ba kuɗi gwanaye ba za su zo ba. Sun zo, har sai da munka rufe rajista da mutum 32, wato ƙungiyoyi 16 na mutum biyu-biyu, tebur 8.

Na biyu, doka. Shekarun baya duk rigimar da munka yi tushenta guda ne, kowa da irin belot ɗin da ya koya, na Gaya daban, wanda ya koya wajen direbobin Malanbil ta ƙasar Benin daban, sai an kai tsakiyar wasa kowa ya ce ai a wajenmu ba haka ake yi ba. Wagga shekara anka rubuta doka a takarda guda, anka karanta ta da ƙarfi kafin a fara, kowa ya sa hannu. Zan maimaita ta nan saboda sababbin shiga da kuma masu tambaya ta a WhatsApp kullum.

Karta 32 ce, iri huɗu, kowane iri daga 7 zuwa as, wato A. Mai rabo yana bi ta hannun dama, uku sannan biyu, kowa ya samu biyar, a buɗe ɗaya a tsakiya. Wanda ya ce ya ɗauka to irin wannan kartar ya zama atu, wato irin da ke cin sauran iri, ya haɗa da wadda anka buɗe a ƙara mishi biyu, sauran a ƙara masu uku-uku, kowa ya tashi da takwas. In kowa ya wuce a zagaye na farko ana sake zagayawa mutum ya zaɓi wani iri daban, in nan ma an wuce sai a tattara a sake rabo. Cikin atu bale, wato J, shi ne babba da maki 20, sai 9 da 14, as 11, 10 maki 10, sarki 4, sarauniya 3. A sauran irin kuwa as ne babba da 11, sai 10, sarki 4, sarauniya 3, bale ya koma 2, su 9 da 8 da 7 ba su da komai. In ka haɗa duka 152 ne, ci na ƙarshe, wato kwashe karta huɗun da anka jefa daga ƙarshe, yana da 10, ya zama 162. Wanda ya ɗauka dole ya fi abokan karawa, wato 82 ko sama, in ya gaza ya faɗi duk 162 ɗin su koma ɗaya ɓangaren. In anka yi 81 da 81 makin wanda ya ɗauka yana jira sai hannu na gaba, wato rabo na gaba, wanda ya ci shi ya haɗa. Sarki da sarauniyar atu a hannu guda maki 20 ne amma sai ka furta belot da rebelot lokacin da kake jefa su, in ka yi shiru ka tuna daga baya ba a rubutawa. Wanda ya cinye duka takwas ɗin, kafo ke nan, 252.

Abu biyu munka yanke da kanmu waɗanda har yanzu wasu ba su ji daɗinsu ba. Mun cire kiran jeri, wato 20 na karta uku a jere da 50 da 100, da 200 na bale huɗu, saboda wannan rabo ne kawai ba iyawa ba, mutum na iya zama bai yi dabarar komai ba ya tashi da maki 200, ga shi nan ne gardama ta fi yawa. Sannan mun ce dole a cakuɗa karta sosai kowane hannu kafin a yanke. Na san tsofaffin hannu sun saba yankewa kawai ba cakuɗawa, to amma wanda ya iya tattara karta ya san inda bale ya kwanta, kuma a gasa ba mu son ko zargin haka ya shigo. Ni ina ganin duka biyun daidai munka yi, wanda ke da ja ya kawo ta taro a yi ƙuri'a.

Tsarin wasan kuwa zagaye huɗu anka yi, kowane zagaye hannu 12. Na farko ƙuri'a ce ta haɗa mutane, daga na biyu sai anka riƙa haɗa masu maki kusa da juna, na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Wannan ya yi kyau ƙwarai don ba wanda anka kora tun da safe ya koma gida yana cizon yatsa bayan ya kashe kuɗin mota, kuma samarin da sunka shigo bana sun samu daidai da su. Ƙungiyoyi huɗun da sunka fi maki su sunka shiga kusa da na ƙarshe, wasan ƙarshe kuma anka yi shi zuwa maki 1000. An tsaya azahar an tsaya la'asar, ana kiran salla alƙali ya ce a kife karta, kowa ya sa tashi a ambulan anka rubuta suna anka ba alƙali, da anka dawo anka ci gaba daga inda anka tsaya.

Takardar maki ita ce ta fi ba ni sha'awa cikin duk abin da munka sabunta. Kowane tebur takarda guda, duk hannun da anka gama a rubuta makin ɓangare biyu gefe da gefe, kuma dole in ka haɗa su su ba da 162, ko 182 in an yi belot, sai dai in kafo anka yi. In ba su ba da haka ba to akwai kuskure, a sake ƙirga tun karta na kan tebur. A zagaye na biyu wani tebur sun rubuta 94 da 78, yaron da ke karɓar takardu ya duba ya ce wannan 172 ne, anka koma anka tarar duka ɓangarorin sun ƙara ma kansu 10 ɗin ci na ƙarshe. Minti biyu anka gyara ba wanda ya ɗaga murya. Da a da ne sai an rantse da Allah an ɓata da juna.

Sai maganar ishara, wadda ita ce cutar wasan mutum biyu. Doka ta ce a tebur ba magana sai na ɗauka, na wuce, belot, rebelot. Ba Hausa ba Zabarmanci ba Dandanci, waya a aljihu, 'yan kallo bayan igiya. Duk da haka alƙali ya lura da wasu biyu, duk sanda ɗaya ya gyara hula sai abokinshi ya jawo atu. Bai kunyata su cikin mutane ba, ya kira su gefe ya yi masu kashedi, ya ce in ta sake faruwa hannun ya tafi ga abokan karawa 162 cif, daidai da hukuncin wanda ke da irin da anka jefa ya ɓoye ya ƙi bi. Ba ta sake faruwa ba. Ban kawo wannan don tonon asiri ba kuma ba zan faɗi suna ba ko an tambaye ni, na kawo ne don kowa ya san ana gani. Abin da ya fi wannan ɓata mana rai wasu samari ne 'yan kallo da anka samu bayan rumfa suna sa kuɗi kan wa zai ci wasan ƙarshe. Ba mambobinmu ba ne, amma da labarin ya fita gari ba wanda zai tsaya tambayar katin ƙungiya, cewa za a yi 'yan belot sun buɗe gidan caca. Shugaba ya tsayar da wasa har sai da sunka bar wurin. Baɗi dole a sa mutum biyu aikinsu ke nan kawai, zagaya bayan rumfa.

Wasan ƙarshe tsakanin wasu dattawa biyu na Gaya ne da samarinmu biyu na nan Kamba, kuma wanda bai gani ba ya yi rashi. Ana dab da 1000 samarin sunka ɗauka, bale da 9 na atu duk suna hannun ɗayansu, kowa ya ɗauka an gama. Ya jawo atu sau biyu ya kwashe, sai zumuɗi ya sa bai ƙirga ba, ashe saura ƙaramar atu guda, 7, hannun dattijon da ke damanshi. Tsohon nan ya riƙe ta yana ta bin iri bai nuna komai a fuska ba, har ci na takwas, yaron ya jefa as ɗinshi sai ya ɗora mata 7 ɗin nan ya kwashe as da 10 na ƙarshe. Da anka ƙirga samarin 80, dattawa 82. Maki biyu kacal, duk 162 ta koma Gaya, da ita sunka haye. Yaron ya tashi ya zagayo ya durƙusa ya gaida tsohon, shi kuma ya zaunar da shi ya baje kartar ya nuna mishi inda ya kamata ya ƙirga atu takwas ɗin nan tun jefa na biyu.

Inda ba mu yi kyau ba shi ne lokaci. An ce tara na safe, sai wajen sha ɗaya anka fara saboda jiran mutane, shi ya ja wasan ƙarshe ya kai bayan magariba, wuta ta ɗauke, da fitilar sola ta wani maƙwabci anka ƙarasa. Iskar hunturu ma ta dame mu, kartar takarda tana tashi tana kifewa, kuma kafin la'asar wasu sun yi laushi sun samu alama a baya har sai da anka canza su. Kwamiti na ba da shawarar a sayi kartar roba, kowane tebur kwali biyu masu bayan kala daban, a yi ta a ɗaki ko a kewaye rumfa da zana. Masu rubuta maki ma sun yi kaɗan, muna son samari huɗu su koyi aikin tun yanzu a zaman mako.

Akwai kuma yaran da sunka saba da WHOT da ke zuwa kallo suna son koyo, an yarda a ware masu tebur guda duk Asabar bayan la'asar, da sharaɗin wanda ke makaranta sai da sanin mahaifinshi. Mutanen Birnin Kebbi sun nemi a kai gasar baɗi can, mutanen Gaya sun ce nisa zai yi masu yawa, wannan ma sai a taro za a yanke.

Taron shekara Asabar ta farkon wata mai kamawa ne bayan la'asar, wurin da munka saba. Wanda ake bi kuɗin wata ya zo da shi don da shi za a sayi kartar roba, kuma akwai karta kwali biyu da igiyar 'yan kallo da ba su dawo ba tun ranar gasa, duk wanda suke wajenshi don Allah ya riƙo su.

Naku, sakatare.