A Auna Dutse Kafin A Ɗora Shi A Zobe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka don mu ja hankalin maƙeran farfaru da masu sayen kayan ado kan wata asara da ta zama ruwan dare a nan Jos. Ana ɗora dutse a zobe ko abin wuya alhali daga mai ƙira har mai saye babu wanda ya san ko wane dutse ne. Launi kawai ake dubawa, shi kuwa launi ba shaida ba ne.

Kowane dutse da inda yake fitowa. Tofaz abokin zaman kuza ne, a duwatsun Filato iri ɗaya suke samuwa, shi ya sa ake tsintarsa a tsakuwar rafuka da tsofaffin ramukan haƙa, ruwa ya goge shi ya yi sumul, galibi fari ko shuɗi mai haske. Akwamarin, wanda 'yan kasuwa ke kira akwa, ya fi fitowa daga wajen Akwanga da Nasarawa Eggon. Zumurrudu ɗan gidansu ɗaya ne da akwa, ana samunsa a wajen Gwantu ta Jihar Kaduna. Safaya daga tsaunin Mambila na Taraba, tomalin kuma daga wajen Keffi da Jihar Oyo.

Rikicin ya fi yawa tsakanin akwa da shuɗin tofaz, domin akwa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Mafi yawan tofaz mai shuɗi sosai da ke kasuwannin duniya ma fari ne tun asali, a masana'anta aka sauya masa launi. Raba su ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ƙaramin sikelin lantarki mai auna 0.01 na giram, kofin ruwa da zare siriri sun isa. A auna dutsen a bushe a rubuta. A ɗora kofin ruwa a kan sikeli a mayar da shi sifiri. A ɗaure dutsen da zare a zura shi har ya nutse gaba ɗaya, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa, a rubuta abin da sikeli ya nuna. Sai a raba lamba ta farko da ta biyu. Idan a bushe giram 5.30 ne, a ruwa kuma sikeli ya nuna 1.50, amsa 3.53 ke nan, tofaz ne. Akwa yana ba da kusan 2.70, tomalin wajen 3.06, safaya 4.00.

Abin da ke ɓata wannan awo shi ne kumfar iska da ke maƙalewa a jikin dutse, da zare mai kauri, da ragowar baƙin dutse da ba a ɓantare ba. Dutsen da bai kai giram ɗaya ba kuma, kuskure kaɗan na sikeli zai karkatar da amsar. Farin dutsen kwaz yana ba da 2.65, ya yi kusa da akwa ƙwarai, don haka a nan sai a dubi siffa idan ba a yanka ba: dukansu gefe shida ne, amma kan kwaz tsini ne, na akwa a shafe yake. Gilashi kuwa madubin ƙara girma mai ninki 10 ne ke tona masa asiri, sau da yawa za a ga ƙwayoyin iska zagayayyu a cikinsa. Masu karce dutse da magagari wai gwaji suke yi, don Allah su daina, ɓata kayan mutane ne kawai.

Sai batun ɗorawa, inda maƙera suka fi yin ɓarna. Tofaz yana da taurin 8 a ma'aunin da daimon ke da 10, sai maƙeri ya ɗauka ba ya fashewa. Tauri daban, jure duka daban. Tofaz yana da wani layi a kwance da yake rabuwa a kai tsaf, kamar yadda itace ke bin tsagi idan an sa gatari. Bugu ɗaya na guduma a kan ƙafar da ke riƙe shi ya isa ya raba shi biyu. Mai yanka ma sai ya karkatar da fuskar dutsen kaɗan daga wannan layi, in ba haka ba fuskar ba za ta ɗauki sheƙi ba.

Ƙa'idar ita ce a gama duk wani liƙi na wuta kafin dutse ya shiga gidansa. A sassaƙa mazaunin daidai da ƙugun dutsen har ya zauna ba ya rawa, domin idan ya tokare a wuri ɗaya, nan ne zai tsage. Ƙafafu huɗu ko shida na waya mai kaurin kusan milimita ɗaya, a lanƙwasa su biyu-biyu da hannu, wannan da wadda ke fuskantarta, ba a bi su a jere ba, kada dutsen ya karkace. Idan bakin zagaye za a yi, wato ƙarfen da ke kewaye dutsen a maimakon ƙafafu, a yi shi da azurfa tsantsa mai laushi, jikin zoben kuma da azurfa 925, wato kashi 92.5 azurfa, 7.5 jan ƙarfe. Idan aka kawo zobe a rage ko a ƙara masa faɗi, a cire dutsen tukuna. Zafi yana tsaga tomalin da tofaz, yana kuma sauya launin amatis, wannan mai ruwan shunayya. Zumurrudu ya fi kowa laulayi: yawanci an cusa mai a tsagoginsa, ruwan zafi da omo kan wanke man, sai tsagar ta fito fili, mai shi ta ce an musanya mata.

Ƙurar hunturu ma tana da nata aikin. Akwai garin kwaz a cikinta mai taurin 7, to amatis da tomalin da ke kusa da wannan lamba kan dushe idan ana goge su a bushe kullum. Sun fi dacewa da 'yan kunne da abin wuya. Zoben da za a riƙa wanke-wanke da shi, safaya mai taurin 9 ta fi dacewa da shi.

Roƙonmu ga masu sayarwa shi ne su riƙa rubuta rasit mai ɗauke da sunan dutse, nauyinsa da karat, inda aka haƙo shi, ko an gasa shi ko an yi masa wani gyara, da lambar ƙarfen da aka ɗora shi a kai. Masu haɗa lefe su kula: karat na dutse nauyi ne, biyar ke yin giram ɗaya, karat na gwal kuwa tsafta ce, 18 shi ne 750, wato kashi 750 cikin 1000 gwal ne, 21 shi ne 875, 22 shi ne 916. Duk mai shagon da ya ƙi rubuta waɗannan, a nemi ya kawo ɗan'uwan dutsen da ba a ɗora ba a auna shi a ruwa a gaban mai saye kafin a biya.

Wassalam.

Daga wasu masu yankan duwatsu da ƙirar azurfa,
Jos, Jihar Filato.