Ƙaramar Tawaga A Gasar Olamfik Ba 'Yar Rakiya Ba Ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi gyara kan wata magana da ke yawo a majalisun masu kallon wasanni nan Kaduna, wai duk ƙasar da ta shiga bikin buɗe Olamfik da mutum biyar ko shida a bayan tuta, yawon buɗe ido ta je. Masu faɗar haka ba su san yadda ake samun gurbin ba.

Ƙofa biyu ce. Ta farko ta cancanta: ɗan wasa ya cika lokaci ko nisan da aka gindaya, ko ya hau sama a jerin gwanayen duniya, ko ya ci gasar share fage ta nahiyarsa. Ta biyu gurbin alfarma. A gasar Paris ta 2024, ƙasashen da a gasannin Olamfik na Rio da Tokyo da suka gabata ba su wuce matsakaicin 'yan wasa 8 ba a wasannin ɗaiɗaiku su ne ke da ikon nema, kuma an rufe karɓar takardu tun watan Janairu, wata shida kafin gasa. Wanda ya yi barci a nan ya rasa. A ninƙaya ana ba ƙasa namiji ɗaya da mace ɗaya, da sharaɗin sun taɓa shiga gasar duniya. Yanzu da wuya a sake ganin irin Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini, wanda ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52 a Sidni a 2000, shi kaɗai a ruwa, yana neman nutsewa.

Mu dubi maƙwabciyarmu Nijar. 'Yan wasanta a Rio a 2016 ba su kai goma ba, amma Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya dawo da azurfa a taikwando, wasan faɗa na shuri, ajin sama da kilo 80, shekara 44 bayan tagullar da Issaka Daboré ya ci a damben zamani a Munik a 1972. A 2017 kuma ya zama zakaran duniya. Ta ƙofar cancanta ya shiga. Taikwando ya dace da mai ƙaramin ƙarfi: aji huɗu ne na maza, huɗu na mata, kusan mutum 16 a kowane aji, Afirka na da gurbi biyu. Karawa uku ka ci, ka kai wasan ƙarshe. Mu Nijeriya kuwa da 'yan wasa 88 muka je Paris, muka dawo hannu rabbana.

Inda ake faɗuwa ba a fili ba ne, a kan tebur ne. A Tokyo an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Nijeriya shiga, ba don an kama su da ƙwaya ba, sai don ba a yi musu gwajin bazata sau uku cikin wata goma kafin gasa ba, kamar yadda doka ta ɗora wa ƙasashen da ake sa wa ido. Gwajin kuma ba a jera shi cikin mako guda, sai da tazara, shi ya sa gaggawar ƙarshe ba ta gyara shi. A Paris, Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100, sunanta bai shiga jerin ba. Ga kuma ƙananan abubuwa: fasfon da ya kusa ƙarewa, sunan da aka rubuta daban a fasfo daban a rajistar hukumar wasa, ɗan wasan da ya haura nauyin ajinsa da rabin kilo ranar awo. Ƙaramar tawaga ma ta fi haɗari, domin yawan jami'ai yana bin yawan 'yan wasa, sai ka ga shugaban tawaga shi ne sakatare, shi ne mai bin jadawalin motoci.

Kayan aiki ma abin lura ne. Taikwando na yau da sulken ƙirji da hula da safa masu na'ura ake yin sa. Shuri a ƙirji maki 2, a kai maki 3, na juyi ya fi. Yaron da ya saba alƙali ya ba shi maki da ido, ran da ya sa sulken na'ura sai ya yi ta shuri allo bai motsa ba, don ƙarfin bai kai ba ko safar ba ta sauka daidai ba.

Kaduna ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, ga filin Ahmadu Bello, ga dandalin Murtala. Roƙona ga masu kula da wasanni a jiha, kafin gasar Olamfik ta Los Anjalas a 2028 su zaɓi wasa biyu kacal, su sayi sulken na'ura ko saiti biyu ne, su yi wa yaran da suka yi fice fasfo da rajista tun bana, su kuma ware kuɗin kai su gasannin Afirka da ake tara maki a cikinsu.

Naka,
Wani mai horar da 'yan wasa,
Tudun Wada, Kaduna.