Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu sha'awar duwatsu, Garwa

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu da sauran membobi. Shugaba ya ce in rubuto rahoton bana tun kafin zama, don 'yan'uwanmu na Marwa da Gider su ma su gani, kar a zo ana cewa ba a faɗa ba.

Bana mun samu sabbin shiga sosai, kuma kusan kowannensu da dutsensa ya zo a ƙulle cikin tsumma ko a aljihu. Wani zoben aƙiƙ ne da mahaifinsa ya sayo a Madina, wata Hajiya ɗan dutsen niƙan kakarta ta kawo, ya yi sumul har da gurbin yatsu a jikinsa, wani kuma tsakuwa ce kawai da ya tsinta a garinsu ranar da za su taso. Duk maganarsu ɗaya, a goge mana ya yi ƙyalli. To a nan ne kwamiti ya kafa doka, kuma ni ina bayanta ɗari bisa ɗari: sabon shiga ba ya taɓa dutsen da yake ƙauna sai ya koya da tsakuwar Binuwai tukuna. Wasu sun ji haushi, Allah ya ba da haƙuri, amma dalili ne ya kawo ta. Wani ɗan'uwanmu ya zuba farin marmara da marigayi yayansa ya kawo masa daga Figil cikin gangar gogewa (wadda inji ke juyawa da duwatsu a ciki har su yi sumul) tare da duwatsun ƙanƙara, da aka buɗe bayan sati abin ya koma kamar ƙwayar gurjiya, wallahi ranar ba wanda ya iya cewa uffan.

Shi ya sa muka ɓata lokaci mai yawa kan darasin tauri. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda wani Bajamushe ya tsara a 1812, lu'u-lu'u (daimon) ne 10, dutsen ƙanƙara da aƙiƙ wajen 7, marmara kuwa 3 ne kacal, bakin wuƙa ma yana kartarsa. In ka haɗa su ganga ɗaya mai taurin ne zai cinye ɗayan. Gwajin ma ba ya cin kuɗi, ka karta da wuƙa a gefen da ba a gani, ko ka kankaro ɗan gari ka ɗiga masa binega, in ya yi kumfa to dangin farar ƙasa ne, a bi shi a hankali. Kanwar da wani ya kawo daga wajen Tafkin Cadi kuwa mun ce kar ma ruwa ya taɓa ta, narkewa za ta yi.

Dutsen Hajiya dai ba mu goge ba, wanke shi kawai aka yi da sabulu da buroshin haƙori, muka rubuta sunan kakar da garinsu a takarda aka ajiye tare. Wannan santsin hannu ne ya yi shi shekara da shekaru, inji ba zai ƙara masa komai ba, sai dai ya share.

Batun kayan aiki, gangar da yaranmu suka haɗa da tsohon injin fanka tana nan tana aiki, sai dai ɗauke wuta yana ja mana baya tunda kowane mataki kusan sati yake so tana juyawa ba tsayawa, a fara da garin gogewa mai kaushi lamba 60/90, a koma 220, sai 600, sannan garin ƙyalli, kuma dole a wanke komai tas tsakanin matakan don ƙwaya ɗaya ta mai kaushi ta isa ta ɓata aikin wata guda. Wanda bai da haƙurin jiran layi ya sayi sanfefa ta ruwa wajen masu fentin mota ya goge da hannu, yana yi sosai. Kuma don Allah a daina gogewa a bushe, ƙurar ƙanƙara tana lalata huhu kuma ba ta fita, a zuba ruwa a sa takunkumi.

Mun fita yawo da rani zuwa Bidzar kan hanyar Marwa, mun ga zanen mutanen da a jikin marmara, wurin da Kamaru ta saka a jerin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO tun 2006. Ba wanda ya ɗauki ko ɓarɓashi, hoto kawai. Tafiyar Rumsiki ba ta yiwu ba, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Lissafin kuɗi ma'aji zai karanta da bakinsa ranar zama, masu bashin kuɗin wata kun san kanku, garin gogewa ya kusa ƙarewa kuma da shi za a saya. Sabbin shiga kowa ya taho da tsakuwarsa ta koyo da tsohon buroshi, za a fara bayan la'asar.

Sakatare