Ruwan agwagi ba ruwan kifi ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari.

Na karanta abin da kuka buga kwanaki kan haɗa matatar ruwa wa kududdufin agwagi a bayan gida, wai a jera tsakuwa da yashi da gawayi a bokiti shikenan. Gaskiya sai da na yi dariya don nima da haka na fara, kwana 3 kacal yashin ya toshe ruwa ya dinga malala ta bakin bokitin, wurin duk ya caɓe. Agwagwa fa a cikin ruwan take kashi, ta cuso laka da abinci a baki ta zo ta wanke a ciki, ga gashinta da ke zuba, to ina yashi zai iya da wannan?

Abin da ya yi min aiki durom biyu ne. Na farkon ba komai a cikinsa, fayif ɗin da ke kawo ruwa ne kawai na sa masa gwiwa ya kalli gefe, sai ruwan ya riƙa juyawa a hankali, dattin mai nauyi ya kwanta a ƙasa, na saman ya wuce. A gindinsa na sa kan famfo, duk safiya in buɗe kamar minti ɗaya baƙin taɓon nan mai wari ya fita (shuka na son shi ba kaɗan ba, taki ne). In ka tsallake wannan durom ɗin wallahi duk abin da ka jera a gaba wahalar banza ce.

Na biyun ne mai soso da tsohuwar raga da tsakuwa. Nan ƙwayoyin bakteriya ke zama suna cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin, kuma sai sun ɗau sati 4 zuwa 6 kafin su kafu, ni kuma da rashin sani na wanke soson tas da ruwan famfo mai kulorin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) na kashe su, aiki ya dawo sabo. Yanzu da ruwan kududdufin nake ɗauraye shi sama-sama.

Injin da ke tura ruwan daga kududdufin zuwa durom kuwa a sa shi cikin kwando a naɗe da raga, a ɗora kan bulo kar ya zuƙi gashi, a samu wanda zai zagaya da ruwan duka cikin awa 1 ko 2. Mahaɗar wayar lantarki ta yi nesa da ruwa don Allah, kwanon abincin agwagin ma haka.

Kuma kar wani ya sa ran ruwa garau kamar na sha, ni har yau ina rage wani kaso duk sati in ƙara sabo. Don Allah Malam Edita a buga wannan kafin wani ya je ya ɗebo yashi.

Naka,
wani mai kiwon agwagi