Kumburin hanji: a jikin ɓera aka ga nasarar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ana ta yaɗawa a WhatsApp nan Kaduna cewa ƙwayoyin tushe, waɗanda ake kira sitem sel, wato ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, suna warkar da kumburin hanji mai naci. Yawancin nasarar nan a jikin ɓeraye aka gan ta.

A gwajin, ana zuba sinadarin DSS mai haddasa kumburin hanji, kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, a ruwan shan ɓera na kwana 5 zuwa 7. Sai ya rame, ya kama zawo da jini, babban hanjinsa ya gajarce. Daga nan a yi masa allurar ƙwayoyin tushe kamar miliyan 1 da aka samo daga ɓargo ko kitse. In ta jijiyar wutsiya aka bi, akasarinsu a huhu suke maƙalewa, shi ya sa wasu ke zuba su a kogon ciki.

Inda gizo ke saƙar, da an janye DSS hanjin ɓeran kan fara farfaɗowa da kansa, alhali ciwon mutum shekaru yake yi yana lafawa yana tashi. Garin maganin da ake tallatawa a leda da sunan sitem sel kuwa, ko da akwai ƙwaya mai rai a ciki, ruwan tumbi zai narkar da ita.

Wasu masu binciken lafiya, Kaduna