Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Wanda Ya Ce Tausayi Ne Ya Sa Nake Ɗaukaka Monica Seles

Malam, assalamu alaikum.

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso gare ni, kuma tun da a gaban mutane ka yi ta, a gabansu zan amsa maka. Ga waɗanda ba su san mafarin maganar ba, na rubuta ne cewa a tarihin wasan tanis na mata babu 'yar wasan da aka yi wa ƙwace irin wanda aka yi wa Monica Seles, kuma duk mai jera manyan gwanaye da ya tsallake ta bai yi adalci ba. Sai ka tashi kana tambayata: in har gwana ce kamar yadda nake faɗa, me ya sa manyan kofunanta, wato na manyan gasanni huɗu da ake bugawa kowace shekara (Ostareliya, Faransa, Wimbledon ta Ingila da Amurka), tara ne kacal alhali Steffi Graf 'yar Jamus tana da 22, me ya sa ba ta taɓa cin Wimbledon ba, kuma me ya hana ta komawa fili sai bayan fiye da shekara biyu, alhali raunin wuƙar ya warke cikin 'yan makonni? Ka rufe da cewa rashin ƙarfin zuciya ne ya kayar da ita, ni kuwa kasuwanci nake yi da tausayi domin in tara masu karatu.

Abin da ka faɗa a kaina bai dame ni sosai ba, domin waɗanda suka daɗe suna bibiyar rubutuna a kan wasanni sun san ban taɓa yabon ɗan wasa don ya ba ni tausayi ba, sun kuma san sau da yawa na faɗi gaskiyar da ta ɓata wa masoya wani gwani rai. Abin da ya sosa mini rai shi ne kalmar nan ta rashin ƙarfin zuciya, wadda ka ɗora wa yarinyar da aka daɓa wa wuƙa a baya tana da shekara 19, a wurin sana'arta, a gaban dubban 'yan kallo. A kan wannan kalma zan fi tsayawa.

Kafin a kai ga wuƙar, ya kamata ka san wace ce aka soka. An haifi Seles a watan Disamba na 1973 a Novi Sad, cikin tsohuwar Yugoslabiya, iyayenta kuwa 'yan asalin Hungari ne. Mahaifinta Karolj, mai zanen barkwanci ne, shi ya fara koya mata wasa a filin ajiye motoci, yana ɗaura igiya tsakanin mota da mota a madadin raga. Bahaguwa ce, kuma da hannu biyu take riƙe abin bugun ƙwallo ta dama da ta hagu, tana tarar ƙwallon tun tana tasowa daga ƙasa, ta mayar da ita da ƙarfi zuwa kusurwar da abokiyar karawarta ba ta zata ba. A 1989, tana da shekara 15, ta doke Chris Evert, shahararriyar 'yar wasan Amurka, a wasan ƙarshe a Houston. A watan Mayun 1990, a Berlin, cikin ƙasar Graf kuma a gaban mutanenta, ita ce ta tsinke wa Graf jerin nasarori 66 da ta yi ba faɗuwa. Bayan 'yan makonni suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na gasar Faransa. A bugun raba gardama na turmin farko Graf tana da maki shida, Seles tana da biyu, wato maki ɗaya ya rage a kwashe turmin, amma yarinyar nan mai shekara 16 ta ci maki shida a jere ta karɓe shi, sannan ta lashe kofin. Ka gaya mini, Malam, a wane ɓangare na wannan labari ka hango ragwanta.

Daga Janairun 1991 zuwa Janairun 1993 an buga manyan gasanni tara. Seles ta shiga takwas, ta kai wasan ƙarshe a dukkansu, ta lashe bakwai. A watan Maris na 1991 ta karɓe matsayi na ɗaya a duniya daga hannun Graf, wadda ta riƙe shi makonni 186 a jere. Wasan ƙarshe na gasar Faransa a Paris a 1992 kuwa, wanda na tabbata ba ka zauna ka kalla ba, turmi na uku sai da ya kai 10-8, Graf ta kuɓuta har sau biyar daga makin da zai kawo ƙarshen wasan, amma Seles ba ta karaya ba har ta gama da ita a karo na shida. A wasan ƙarshe na gasar Ostareliya a Melbourne, cikin Janairun 1993, Graf ce ta ci turmin farko, Seles ta farfaɗo ta ci biyun da suka rage. Kafin ta cika shekara 20 tana da manyan kofuna takwas, kuma a wasannin ƙarshe na manyan gasanni da suka yi da Graf zuwa lokacin, Seles ta ci uku, Graf ta ci ɗaya.

Sai ranar 30 ga Afrilu, 1993, a Hamburg. Tana karawa da Magdalena Maleeva, ta ci turmin farko 6-4, tana gaba da 4-3 a na biyu, ta zauna a kujerarta lokacin hutun sauya gefe, ta ba 'yan kallo baya kamar yadda kowace 'yar wasa ke yi. Wani Bajamushe mai suna Günter Parche ya sauko daga cikin 'yan kallo, ya miƙo hannu ta saman shinge, ya soka mata wuƙa a tsakanin kafaɗunta. Ta yi ƙara, ta miƙe ta yi 'yan taku tana laluben bayanta, sannan ta sulale ƙasa. Mutumin nan bai ɓoye dalilinsa ba: masoyin Graf ne, kuma so yake ya raunata Seles domin gwanarsa ta koma matsayi na ɗaya.

Ka ce raunin ya warke cikin makonni. Fata ta warke, gaskiya ne. To amma ka lissafa abin da ya biyo baya, wanda ko dai ba ka sani ba, ko kuma ka sani ka ɓoye domin ya rushe maka hujja. Ba a dakatar da gasar ba. Tana kwance a asibiti aka ci gaba da wasa har aka ba da kofi. Bayan 'yan kwanaki manyan 'yan wasa mata suka taru a birnin Rum domin yanke shawara ko za a ajiye mata matsayinta har ta warke, suka ƙi, Gabriela Sabatini ta Ajantina ce kaɗai ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Cikin watan Yuni Graf ta koma ta ɗaya a duniya, wato abin da mai wuƙar ya nema ya samu daidai yadda ya tsara. A watan Oktoba kotun Hamburg ta yanke masa ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, bisa hujjar cewa hankalinsa ba cikakke ba ne, ya fita ya koma gida. An ɗaukaka ƙara, hukuncin bai sauya ba. Ƙarar da ta shigar a kan masu shirya gasar saboda sakacin tsaro ita ma ba ta yi nasara ba. A cikin wannan tsakani ne kuma aka gano mahaifinta, wanda shi ne kocinta tun tana ƙarama, yana ɗauke da cutar daji. Ita da bakinta ta bayyana daga baya cewa ta yi fama da ciwon damuwa mai tsanani da larurar cin abinci ba ƙaƙƙautawa, ta kuma yanke cewa ba za ta sake buga wasa a Jamus ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle wadda sana'arta ta tilasta mata ta riƙa zama, bayan kowane 'yan mintuna, a kujera irin wadda aka soke ta a kai, da baƙin mutane a bayanta, alhali ta san wanda ya soke ta yana yawo abinsa.

Duk da haka ta dawo. A watan Agustan 1995 ta shiga gasar Kanada a Toronto, gasarta ta farko bayan fiye da wata 27, ta lashe ta ba tare da an ci ta turmi ko ɗaya ba. Daga nan ta kai wasan ƙarshe a gasar Amurka a New York, inda Graf ta sha da ƙyar a turmi uku, bayan Seles ta ci na tsakiya 6-0. A Janairun 1996 ta ɗauki kofin Ostareliya karo na huɗu. A watan Mayun 1998 mahaifinta ya rasu, kuma ba a yi wata guda ba ta bayyana a Paris sanye da baƙaƙen kaya, ta fitar da Martina Hingis, wadda ita ce ta ɗaya a duniya a lokacin, ta kai wasan ƙarshe kafin Arantxa Sánchez Vicario ta doke ta. Ta ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta Sydney a 2000, ta ci gaba da wasa har 2003 lokacin da ciwon ƙafa ya tsayar da ita, da kofuna 53 a wasan mutum ɗaya. Ban ce Seles ɗin da ta dawo daidai take da wadda aka soka ba. Jikinta ya yi nauyi, saurinta ya ragu, raunuka sun yi mata yawa, kuma sababbin 'yan wasa masu ƙarfi sun taso a shekarun da ba ta nan. Amma ƙarfin zuciyar da ya mayar da ita waccan kujera ya fi wanda ake buƙata wajen cin kofi, kuma abin kunya ne marubuci ya kira shi da kishiyar sunansa.

Maganar Wimbledon ba ta buƙatar dogon bayani. Filin ciyawa bai dace da salon wasanta ba kamar sauran filaye, kuma Graf ta lallasa ta 6-2, 6-1 a wasan ƙarshe na 1992, a makon da aka yi ta ƙorafi a kan ƙarar da take yi in ta bugi ƙwallo har ta yi ƙoƙarin danne ta. Tana da shekara 18 a lokacin. Lissafin tara da 22 kuwa, sai ka raba shi biyu kafin ka kafa hujja da shi: kofuna 11 Graf take da su ranar da aka soki Seles, sauran 11 bayan nan ta ci su, huɗu daga ciki a jere, tun daga babbar gasar farko da aka buga bayan an soki Seles.

A nan ina so a fahimce ni da kyau, domin na lura kana ƙoƙarin nuna wa mutane kamar ina gaba da Graf ne, kuma ina zargin wannan ne ainihin manufar tambayar taka, wato ka haɗa ni faɗa da masoyanta ka samu abin ce-ce-ku-ce. Graf ba ta da laifi ko na sisin kwabo. Ta je asibiti ta duba Seles, kuma abin da ta yi a 1988, na lashe manyan gasanni huɗu da zinaren Olamfik cikin shekara ɗaya, tun kafin Seles ta fara wasan ƙwararru ta yi shi. Ban taɓa cewa da ba a soki Seles ba da ta zarce ta a yawan kofuna ba, domin wannan sanin gaibu ne, Allah kaɗai ya bar wa kansa. Abin da na ce, kuma nake nanatawa, shi ne takarar da ke tsakaninsu ba a fili aka raba ta ba, wani mutum ne ya raba ta da wuƙa, don haka ba daidai ba ne a ɗauki adadin da ya biyo baya a gabatar da shi tamkar hukuncin wasa.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce kai kaɗai. Wata ɗabi'a ce ta shigo wa masu sharhin wasanni a cikinmu, ta buɗe waya a kwafo jadawalin kofuna daga intanet, a jera sunaye daga mai yawa zuwa mai kaɗan, a ce an yi nazari. Ba a kallon wasan, ba a tambayar da wa aka kara, a wane hali, ko me ya faru tsakanin wannan shekara da waccan. In aka zo kan mata kuwa abin ya fi muni, domin da wuya a ba su fili, in an ba su ma sai a tsaya kan sutura da ƙara da ƙiba. Haka aka yi wa Seles a jaridun Turai tana ganiyarta, aka fi surutu a kan sautin da take fitarwa fiye da yadda ta sauya salon wasan mata gaba ɗaya, da bugu mai ƙarfi daga ƙarshen fili ta kowane gefe, salon da manyan 'yan wasan da suka biyo bayanta suka ɗora a kai. Matasanmu da ba su ga zamaninta ba, a wurinmu za su ji labarinta, kuma in abin da muka ba su shi ne tara da 22 da kalmar ragwanta, mun cuce su, mun kuma cuci baiwar Allah da ba ta san muna yi ba.

Saboda haka ina kira gare ka da ka janye waccan kalma a fili. Wasan Paris na 1992 da na Melbourne na 1993 duka suna nan a intanet ga mai son gani. Ka zauna ka kalle su daga farko har ƙarshe, sannan ka kalli na New York na 1995, in ka gama kana da sauran tambaya a kan salon wasanta ko raunin da ke cikinsa, ka kawo, zan amsa maka da hujja gwargwadon abin da na sani.

Wassalam.